Za a Yi Mana Wurin Shaƙatawa a Unguwa, Ta Ina Za Mu Sa Baki?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda: hukuma ta ware fili a tsakiyar gidaje za ta mai da shi wurin shaƙatawa, mazauna kuma kowa da abin da ke damunsa. Masana tsara gari da masu zanen irin waɗannan wurare ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An liƙa mana sanarwar taron jin ra'ayi a kan wurin shaƙatawar da za a yi a unguwarmu. Maƙwabtana sun ce ɓata lokaci ne, an riga an gama komai a ofis. Ta yaya zan gane ko da gaske ake, kuma me ya kamata in tafi da shi? (Wani magidanci)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da za ka fara tambaya a wurin taron shi ne matakin da aikin yake. Irin wannan aiki yana bi ne daki-daki: a zaɓi fili a auna shi, a tsara abubuwan da za a sa a ciki, a yi zanen farko, a yi cikakken zanen injiniya, a ba da kwangila, sannan a fara gini. Maganarku ta fi tasiri tun daga farko har zuwa zanen farko, domin a lokacin kawar da filin ƙwallo daga wannan kusurwa zuwa waccan aikin fensir ne kawai. Da zarar an sa hannu da ɗan kwangila, kowane canji sai an biya shi kuɗi daban, shi ya sa hukuma take noƙewa. Tun ran gini tun ran zane. Don haka ka nemi a faɗa a bainar jama'a abin da aka riga aka yanke, da abin da har yanzu ake iya sauyawa, da wanda zai sa hannu na ƙarshe, da ranar da za a rufe karɓar ra'ayi.

A 1969 wata masaniya 'yar Amurka, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a cikin shawara da tsani mai matakala takwas. A tsakiyar tsanin akwai sanarwa da tuntuɓa da lallashi, inda ake jin mutane amma ba lallai a yi aiki da abin da suka ce ba. Sai can sama ake samun haɗin gwiwa na gaske. Hanya mafi sauƙi ta gane inda aka ajiye ku ita ce ku nemi alkawarin taro na biyu, wanda za a zo da rubutaccen bayani: ga abin da kuka nema, ga wanda muka karɓa, ga wanda muka ƙi da dalilinmu. Hukumar da ta yarda da wannan da gaske take yi.

Kafin taron, ku nemi kwafin zanen mai ma'auni. Idan an rubuta 1:500 a gefensa, kowace santimita ɗaya a takarda mita biyar ce a ƙasa. Ku ɗauki tef ɗin awo da igiya da turaku ku je filin, ku kafa iyakar kowane abu kamar yadda aka zana. Mutane da yawa ba sa gane cewa banɗakin jama'a zai kasance taku goma daga tagarsu sai sun ga turke a ƙasa. Ku je filin da safe, da rana tsaka, da bayan faɗuwar rana, ku rubuta wanda ke bi ta ciki, da inda sawu ya riga ya fitar da hanya, da inda inuwa take sauka.

Akwai kuma matsalar waɗanda ba sa zuwa taro. Mai shayarwa, da mai aikin dare, da ɗan haya da yake ganin ba shi da ta cewa, da tsohon da tafiya ke ba shi wuya, da su kansu yaran, su ne za su fi amfani da wurin, kuma su ne ba a cika gani a zauren taro ba. Ku raba kanku ku bi gida-gida, aƙalla duk gidajen da ke cikin tafiyar minti biyar daga filin. Kada ku tambayi mutum ko yana son wurin shaƙatawa, kusan kowa zai ce yana so. Ku ba shi jerin abubuwa goma ya zaɓi uku, sannan ya faɗi abu ɗaya da yake tsoro. Da haka za ku san abin da unguwa ta fi buƙata in kuɗi bai isa komai ba.

Abin da kuka tattara ku miƙa shi a rubuce, shafi ɗaya ko biyu, ku karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Kowace buƙata ta zo da wuri da dalili da awo. "Muna tsoron hayaniya" magana ce da za a saurara a wuce. "A matsar da filin ƙwallo mita 30 daga gidajen gabas, a mai da lambu wurinsa" kuwa dole mai zane ya amsa, ko ya yi ko ya faɗi abin da ya hana.

Tambaya: A zanen da aka nuna mana, filin ƙwallo yana manne da katangar gidana. Sun ce za su dasa itatuwa su tare ƙara. Hakan zai yi? (Wani mai aikin dare)

Amsa: Ba zai yi ba, Malam. Layi ɗaya na itatuwa yana tare ido, amma ƙara tana ratsa ganye kusan kamar babu komai. Abu biyu ne ke rage ta: tazara, da shamaki mai kauri marar huda.

A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da tazara tsakaninka da tushen ƙara ta ninka, ƙarar tana raguwa da kamar desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Daga mita 10 zuwa 20 an rage 6, zuwa mita 40 an rage 12. Kunnen mutum kuwa yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙarar biyu. Saboda haka matsar da filin ya fi kowace dabara, kuma a matakin zane ba ya cin ko sisi. Tsarin da ya dace shi ne a sa abubuwa masu hayaniya a gefen titi ko a tsakiyar wurin, a bar lambu da bencina da hanyar tafiya a gefen gidaje.

In fili ya yi kaɗan, sai a nemi katanga ko tudun ƙasa. Sharaɗinsa shi ne ya yi tsayin da daga tagarka ba za ka hango masu wasan ba, kuma ya kasance kusa da filin ko kusa da gidan. Idan ɗakin kwananka a bene yake, katangar mita biyu ba za ta amfane ka da komai ba, ka faɗa musu haka. Ka duba kuma inda ragar gola ta fuskanta: kada ta kalli gidaje, kuma a bayanta a ɗaga raga mai tsayin mita 4 zuwa 6. Ragar igiya ta fi ta waya shiru, domin ta waya tana kaɗawa da ƙara duk lokacin da ƙwallo ta buge ta, kuma sau da yawa wannan ƙarar ce ke hana maƙwabta barci fiye da ihun 'yan wasa. Daga ƙarshe ka nemi a rubuta lokacin rufewa, a sa wa fitilun filin na'urar da ke kashe su da kanta idan lokacin ya yi. Wasa yana tashi da zarar haske ya ɗauke, ba sai an yi cacar baki da kowa ba.

Tambaya: Mu dattawan unguwa tsoronmu kada wurin ya zama matattarar 'yan shaye-shaye da ɓata-gari. Mun yanke shawarar neman a kewaye shi da doguwar katanga mai ƙofa ɗaya. Mene ne ra'ayinku? (Wani dattijo)

Amsa: Baba, tsoronku yana kan hanya, amma muna roƙo ku sake duba maganin. Doguwar katanga tana ɓoye wa mutanen kirki abin da ke faruwa a ciki, wanda yake neman maɓoya kuwa abin da yake so ke nan. Ƙofa ɗaya kuma tana nufin duk wanda aka tare a ciki ba shi da mafita. Tun 1961 marubuciya Jane Jacobs ta ja hankali cewa idanun masu wucewa da na maƙwabta su ne ke tsare titi da fili, kuma masu tsara gari suna aiki da wannan har yau.

Abin da za ku nema shi ne shinge na ƙarfe wanda ake hangen ciki ta cikinsa, da ƙofofi aƙalla biyu a ɓangarori daban-daban, da hanya da ta ratsa wurin daga wannan ƙofa zuwa waccan ta inda mutane suka saba bi. Shuke-shuken ado kada su wuce santimita 90 a tsayi, rassan itatuwa kuma a sare na ƙasa har zuwa mita 2, yadda tsakanin ƙugu da kai ido zai wuce ba abin da ya tare shi. Ku bi zanen da yatsa ku nemo duk wani lungu da ya mutu: bayan banɗaki, bayan ɗakin ajiya, tsakanin katanga biyu. Ƙofar banɗaki ta fuskanci babbar hanya, inda ake ganin mai shiga da mai fita.

Batun fitila kuma ana yawan kuskure a kansa. Fitila ɗaya mai tsananin haske tana kashe ido, ta bar duhu mai kauri a gefenta. An fi son fitilu masu matsakaicin haske a jere, ba tare da gurbin duhu a tsakaninsu ba, yadda za a gane fuskar mai tahowa daga mita 10 zuwa 15. Kowace ta kasance da hula da ke mai da haske ƙasa don kada ya shiga ɗakunan mutane, kuma a zaɓi ƙwan fitila mai haske ɗan ja-ja, wanda aka rubuta 3000K ko ƙasa da haka a jikinsa. A haskaka babbar hanya da ƙofofi, kada a haskaka sashen da ba a son kowa ya shiga da dare, domin haske gayyata ne. In fitilun masu amfani da hasken rana ne, ku tambayi wanda zai canza batir idan ya mutu, don zai mutu kafin turken ya tsufa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne wurin ya kasance da mutane a kowane lokaci na yini. Wurin da aka yi wa samari kaɗai yakan zama kufai da safe. In akwai bencina masu majingina a inuwa, da hanyar zagaye ta masu motsa jiki, da wurin wasan ƙanana, to ku dattawa da iyaye mata kun zama masu gadin da ba a biya.

Tambaya: Ina da yara ƙanana uku da 'ya mai shekara goma sha biyu. Me zan duba a sashen wasan yara? (Wata uwa)

Amsa: Malama, fara da ƙasan wurin kafin kayan wasan, domin yawancin raunin da yara ke ji a irin wannan wuri daga faɗuwa ne. A ƙa'idar da ake bi a Turai, duk abin hawan da ya wuce santimita 60 yana buƙatar ƙasa mai laushi a ƙarƙashinsa, kuma ba a yarda tsayin da yaro zai iya faɗowa daga kai ya wuce mita 3 ba. Kankare da kwalta ba su da wuri a nan. In yashi za a zuba, zurfinsa ya kai santimita 30 ga abin da bai wuce mita 2 ba, 40 ga wanda ya fi haka, kuma a riƙa mai da shi, domin ƙafafun yara suna kwashe shi daga ƙarƙashin lilo. A bar sarari na kamar mita 1.8 kewaye da kowane abin hawa. Gaba da bayan lilo kuwa sararin ya kai ninki biyu na tsayinsa, kuma kada hanyar wucewa ta bi ta wurin.

Ki auna tsakanin sandunan kariya. Gibin da ke tsakanin santimita 9 da 23 shi ne mai haɗari, saboda jikin yaro yana iya zurmawa kansa ya maƙale. Abin zamewa na ƙarfe da aka kafa a rana yana ƙona fata, don haka a sa shi a inuwa. A raba sashen 'yan ƙasa da shekara biyar da na manyan yara, a sa benci inda uwa za ta ga duka biyun tana zaune, ƙofar sashen kuma kada ta buɗe kai tsaye zuwa titi.

'Yarki babba ita ce aka fi mantawa da ita. A birnin Vienna an lura a shekarun 1990 cewa 'yan mata suna janyewa daga wuraren shaƙatawa da sun fara tasawa, saboda babban fili ɗaya samari ke mamaye shi. Da aka sake tsara wasu wuraren, aka ƙara ƙofofi, aka rarraba filin zuwa ƙananan sassa, aka sa wuraren zama na rukuni, sai suka riƙa zuwa. Ki tambayi 'yarki da ƙawayenta abin da zai sa su je, ki kai amsarsu taron. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ba su haƙƙin wasa a sashe na 31, da haƙƙin a ji ra'ayinsu a sashe na 12.

Tambaya: Filin da aka zaɓa kwari ne, ruwa yana kwanciya a ciki, kuma a da juji ne. Ba za a jawo mana ambaliya da sauro ba? (Wani maƙwabcin filin)

Amsa: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Malam, kuma wannan sani naku ya fi abin da safiyo zai gani a ziyarar yini ɗaya. Ku ɗauki hoton filin bayan ruwan sama mai ƙarfi, ku sa alama a zanen inda ruwa ke shigowa da inda yake fita. Babban haɗari shi ne a cike kwarin a ɗaga shi sama da gidaje, ruwan da yake kwanciya a can ya koma tsakar gidajenku. Ku nemi zanen magudanar ruwa mai nuna tsayin ƙasa kafin aiki da bayansa, da wurin da ruwan zai ƙare.

Kuna iya gwada ƙasar da kanku. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 30, ku cika shi da ruwa ya tsotse, ku sake cikawa ku duba agogo. In ya wuce kwana ɗaya bai ƙafe ba, ƙasar ba ta shan ruwa, sai an sa bututu ko tsakuwa a ƙarƙashi. Duk wani kwarin da aka tsara don tara ruwan sama ya kamata ya bushe cikin awa 48. Sauro yana buƙatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, don haka ruwan da ya tafi cikin kwana biyu ba ya haifar da shi. Filin ciyawa kuma a ba shi ɗan gangare na santimita 2 a kowace mita.

Maganar juji ba ta wasa ba ce. Ku dage a gwada ƙasar a ɗakin bincike, musamman don gubar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara masu kai hannu baki, kuma a nuna muku sakamakon. Idan an samu guba, ko a kwashe ƙasar ko a rufe ta da shimfiɗa da sabuwar ƙasa mai tsabta. In akwai manyan itatuwa a filin, ku nemi a killace kowanne kafin motocin aiki su shigo: a auna kaurin gindin, a ninka sau 12, wannan ce tazarar shingen daga itacen. Gindi mai kaurin santimita 40 yana buƙatar kusan mita 5 ta kowane gefe. Nauyin mota yana danne saiwa, itacen kuma ba ya nuna alama sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da tafiya.

Tambaya: Ba a ware wurin ajiye motoci ba. Ba za a toshe mana ƙofofin gida ba? (Wata mai karatu)

Amsa: Ya danganta da abin da aka sa a ciki, Malama. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kowa ya samu fili mai shuke-shuke na rabin hekta zuwa hekta ɗaya cikin mita 300 daga gidansa, wato wurin da ake zuwa a ƙafa. Abin da ke jawo motoci daga nesa shi ne babban filin gasa ko dandalin taro. Ki lura kuma cewa mota ɗaya da hanyar juyawarta tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, motoci 20 ke nan sun fi filin ƙwallon kwando girma. Gara ki nemi gurbi kaɗan kusa da ƙofa don masu buƙata ta musamman, da wurin ɗaure kekuna, da alamar hana tsayawa a bakin gidaje.

Tambaya: Da keken guragu nake yawo. Wane awo zan nema? (Wani matashi)

Amsa: Ɗan'uwa, faɗin babbar hanya ya kai mita 1.8 don keke biyu su gifta juna, kuma a yi ta da abu mai tauri, ban da yashi ko sakakkiyar tsakuwa. Gangaren hawa kada ya wuce 1 cikin 12, wato tashin santimita 50 yana buƙatar tsawon mita 6. Ka duba ƙofar shiga da kyau: shingen da ake sawa don hana babura shiga yakan hana keke irin naka ma. Ka nemi a gwada da kai kafin a karɓi aikin.

Tambaya: Mun sha ganin an buɗe wuri da biki, bayan shekara biyu ya lalace. Me za mu yi tun yanzu? (Sakataren wata ƙungiyar mazauna unguwa)

Amsa: Malam Sakatare, kuɗin gini da kuɗin kulawa aljihu biyu ne, kuma na biyun ne ake mantawa. Ku nemi a rubuce sunan sashen da zai kula da wurin, da yawan ma'aikata, da layin da aka ware masa a kasafin kuɗin shekara. In babu, gara a rage kayan a yi abin da za a iya riƙewa. Maɓuɓɓugar ruwa ta ado da banɗakin da ba shi da mai wankewa su ne ke fara mutuwa.

Sababbin itatuwa suna buƙatar ban ruwa na shekara biyu zuwa uku, don haka a kawo famfo kafin a kawo dashe, kuma a gauraya iri don kada cuta ɗaya ta share su duka. A kwangiloli da yawa akwai wa'adin gyara, galibi wata 12, wanda a cikinsa duk abin da ya lalace ko dashen da ya mutu yana wuyan ɗan kwangila. Ku san ranar da wa'adin zai ƙare, ku zagaya da takarda wata guda kafin nan ku miƙa jerin gyare-gyare. Ku tabbatar kuma an yi wa filin rajista a matsayin filin jama'a, an kafa alamun iyakarsa, don kada gobe a yanka gefensa a gina shaguna. Kayan wasan yara kuwa a duba su da ido kowane mako, a gwada ƙusoshi da sarƙoƙin lilo duk wata ɗaya zuwa uku, ƙwararre kuma ya yi cikakken bincike sau ɗaya a shekara. A kafa allo a bakin ƙofa mai ɗauke da lambar da za a kira idan wani abu ya karye.